Tsutsotsin Hansatu

Tun tana 'yar sakandare Hansatu ta kiwata tsutsotsi masu cin fararen robobin zuba abinci, don gasar kimiyya. Ta zo ta ɗaya, aka zuba su a kwatocin Gusau, gari ya yi fes. Da robobin suka ƙare, tsutsotsin ba su daina ci ba, suka koma kan kowace irin roba. Yanzu ko buta ta koma ta ƙarfe.

Ranar Talata ta kai mahaifinta asibiti a duba robar da aka sa masa a jijiyar zuciya. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya ta leƙa bakinsa, ta ja da baya.

"Tun yaushe yake wannan tarin?"

"Tun shekaranjiya," in ji Hansatu. "Mura ce kawai."

Ma'aikaciyar ta ruga kiran likita.

Tsohon ya sake tari a hankicinsa, zai naɗe. Hansatu ta riƙe hannunsa ta buɗe hankicin. Farin gari ne a ciki, irin wanda tsutsotsin ke bari bayan sun ci.

"Baba…"

"Sa kunnenki a ƙirjina, 'yar nan," ya ce a hankali. "Ni dai ina jin motsi."