Tsoho Mai Taurin Kai

Tun a bakin ƙofa sakataren asibitin ya ja mata kunne. "Malama, ki shirya. Shugaban nan namu ba ya ɗaukar waya, sai dai a rubuto masa. In kika gaishe shi daga baya kuwa, ko kallo ba ki ishe shi ba. Ba-Waiwaye muke ce masa."

Murmushi kawai ta yi. Aikinta ke nan: asibitoci su ɗauko ta, ta zagaya ta duba yadda ake kula da masu buƙata ta musamman, ta rubuta shawara, a yi mata godiya mai yawa, sannan a cusa shawarar a durowa. Ta saba.

Amma wannan karon abin ya tsaya mata a rai. So take a ɗauki tafintan maganar hannu saboda kurame, a kuma kafa allo mai nuna lamba a ɗakin jira. A wannan ɗakin jiran ne mahaifiyarta, wadda kurma ce, ta taɓa wuni da zazzaɓi a jiki, ana ta ƙwala kiran sunanta har aka tashi aiki. Kowa a kwamitin asibitin ya amince. Sa hannun mutum ɗaya ya rage, na Ba-Waiwaye.

Ta same shi a can ƙarshen teburi, ya hakimce inda yake ganin fuskar kowa. Mutum biyu ba sa magana tare a gabansa, sai ka ɗaga hannu ya ba ka izini. Wani likita ya shigo da takunkumi a fuska, ya nuna shi da biro, likitan ya cire nan take. Aka rage fitila don majigi ya fito sosai, ya ce a mayar. Kai, wannan son mulki da yawa yake, ta ce a ranta.

Ta juya ga allo ta shiga zuba bayani. Ranar bakinta ya yi daɗi. Ta kawo doka, ta kawo hujja, ta kawo labarin mahaifiyarta. Da ta waiwayo, kowa na gyaɗa kai, har akantan asibitin, wanda aka ce bai taɓa tausayin kowa ba, yana goge ido. Shi kuwa gogan ya haɗa gira.

"Sake," ya ce.

Ta juya ta sake, da ɗan sauri.

"Sake. Kuma ki bar allon nan ya huta."

To, ita 'yar kurma ce, a gidansu hannu yakan riga baki. Can bayan ɗakin akwai ƙawarta, tafinta, wadda ta rako ta. Malamar ta sauke hannuwanta daidai ƙugu, yatsu suka hau gulma: "Wannan tsoho akwai taurin kai. Da bango nake yi wa bayani, da tuni ya amsa." Ƙawar ta cije leɓe. Malamar ta ƙara: "Ga gashin baki kamar tsintsiya." Ƙawar ta fake da tari.

Hakan ya ɗan sanyaya mata rai. Ta fuskance shi ido cikin ido, ta maimaita komai a nutse, don dai ta ga iyakarsa. Bai katse ta ba.

"Kowa ya tafi," ya ce a ƙarshe. "Malama, ke ki tsaya."

Da safe mahaifiyarta ta rako ta har ƙofa, ta ce za ta jira albishir. Yanzu da wane hannu za ta gaya mata an fasa?

Ya rufe ƙofa da kansa, ya jawo takardar shawarar, ya rattaba hannu, ya tura mata. Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ya ajiye biron, ya ɗaga hannuwansa biyu. A hankali yatsun suka motsa, irin na wanda ya koya da girma, a ɓoye:

"Tsoho mai taurin kai ya yarda. Amma nan gaba ki riƙa fuskantata, ba na ji, leɓe nake karantawa. Gashin bakin kuma ba zan aske ba."