Mai Kaɗe Raɓa

To, Malama Rahina, tunda kin dage sai mai farin hijabi da gogaggen yunifom za mu naɗa shugabar ɗalibai, ajiye takardar nan ki jawo kujera. Ni tsohuwa ce, ban iya gardama ba, misali kawai na iya.

Akwai wani ƙauye da 'yan matansa ke takawa zuwa ƙaramar sakandare a garin da ke gaba. In gero ya yi tsawo, hanyar takan tsuke tsakanin gonaki, mutum ɗaya kawai take ci, sai su jeru ɗaya bayan ɗaya. Al'adarsu kuwa, 'yar aji uku ce ke shiga gaba, ƙanana na biye. Wata yarinya, Delu, ta yi shekara biyu a bayan layin nan, ita kuwa irin yaran nan ce masu mafarki ido biyu. Takan hango hijabin ta gaba yana nutsewa cikin kore yana ɓullowa kamar balbela a fadama, rana na tasowa a hankali, kowane ganye riƙe da ɗigon ruwa yana ƙyalli, gero na darewa yana ba da hanya sai ka ce ya san mai zuwa. Sai ta ce a ranta, wayyo Allah, yaushe zan zama ta gaba! Daga nan mafarkin yakan wuce da ita har filin makaranta, ta ji an kira sunanta a taron safe, an maƙala mata bajon shugabar ɗalibai a ƙirji.

Kwanci tashi, Delu ta shiga aji uku, gaba ta zama tata. Ashe gero ba ya darewa kowa, ture shi ake yi! Duk raɓar da ta kwana a kan ganye, a jikin ta gaba take sauka. Kafin su yi rabin hanya ta jiƙe sharkaf har ƙirji, saƙar gizo a fuska, ƙarangiya ta yi wa ƙafar wandonta ado, haƙora na kaɗawa. Na baya kuwa a bushe, suna ta hirarsu. Ga shi malamai sun ce za su sa ido a kan tsaftar 'yan aji uku kafin su zaɓi shugaba. Nan fa shaiɗan ya raɗa mata dabara. Ta yafito Tasalla, wata 'yar aji ɗaya, 'yar firit da ita, ta ce, "Zo nan, yau ke ce sarauniya, wuce gaba." Yarinya ta wuce tana washe baki, ita a ganinta girma aka ba ta.

Kwana shida Delu na isa makaranta fes da ita. Tasalla kuwa, raɓar da ke tsaya wa manya a ƙirji, ita har ka take wanke ta, ta wuni a aji kayan na bushewa a jikinta. Rana ta bakwai ba ta fito ba. Tari ya sarƙe ta, ga zazzaɓi. Uwarta ta rantse ta maya cewa bokon nan an gama shi, ba za ta rasa 'yarta a kan biro da takarda ba. Ke ma kin sani, yarinya in ta zauna a gida da irin rantsuwar nan, sai dai ki gan ta da farantin talla.

Ranar nan mafarki ya ƙi zuwa wa Delu. Duk inda ta duba cikin gero, ɗan hijabin Tasalla take gani, a jiƙe, manne da kai. Kunya ta kama ta, irin wadda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. Da la'asar ta yi sallama gidan, ta durƙusa ta ce, "Inna, ni na sa ta a gaba. Ki bar ta ta dawo. In raɓa ta ƙara taɓa ta, ki hana ta, ba zan ce uffan ba." Uwar ta wanke ta tas da faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Delu dai kai a ƙasa. Da matar ta gaji don kanta, sai ta ce, "To, mu gani a ƙasa."

Tasalla ta warke, ta fito daidai ranar zaɓe. Delu ta shiga gaba, ta ware hannuwa biyu tana kaɗe ganye dama da hagu, a hankali, don kada ta rage wa na baya ko ɗigo. Ta isa taron safe ruwa na ɗiga daga haɓar hijabinta. Malamai suka dube ta sama da ƙasa, suka maƙala wa wata bajo. Ta yi kuka, kada in yi miki ƙarya, kuka mai cin rai, a bayan aji. Tana cikin share hawaye sai ga Tasalla, a bushe ƙayau, ta jawo hannun wata ƙawarta tana cewa, "Yaya Delu, an ƙwace mata biro." Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Masu faɗa, mai ciwon ciki, wadda ta fara ganin al'ada ta ruɗe, wadda aka ce za a cire daga makaranta, duk wurin Delu suke nufa, ko tsayawa neman mai bajo ba sa yi. Wata rana ta yi tsaki, wata rana ta yi dariya, amma ba ta taɓa korar kowa ba, kuma Tasalla ba ta sake fashin ko kwana ɗaya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa.