Addu'ar da Na Wanke

"Kana da hankali kuwa? Amana ce fa!" Yaya ta ɗaga guntuwar fatar, ruwa na ɗiga.

"Ke kika ce addu'ar neman lafiya ce," na ce.

Aikinta ke nan a jami'a, karanta yagaggun rubuce-rubucen Yahudawan da. Wannan wani tsoho ne a Greenbelt ya ba ta aro. Shekara ɗari tara da suka wuce wani Bayahude a Masar ya rubuta wa mahaifiyarsa mai jinya. Tamu uwar kuwa wata huɗu tana kwance, likitoci sai juya takardu suke yi. Da Yaya ta fita da safe, na wanke rubutun a kofi kamar yadda ake wanke allo, na kai wa Umma.

"Shi ma uwa gare shi, Yaya."

Sai ta daina faɗa. Ta matsa jikin taga tana duban gefen fatar.

"Akwai ado ruwan ɗorawa a nan. Ina yake?"

"Ya bi ruwa."

"Da guba suke haɗa wannan launin."

Ɗakin Umma shiru, ko tarin nata babu. Yaya ta dube ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ta shanye duka?"