Talatar Duba Gidan Kafinta

Ranar Talata, sha huɗu ga Agusta, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Jami'ar kula da yaran riƙo ta sauka daga mota a bakin shagon kafinta, gwiwoyinta na ciwo. Talata ta biyu a kowane wata nan take zuwa.

Ta bi tsarin da ta saba. Ta leƙa ɗakin yaron: gado a gyare, gidan sauro a naɗe, littattafai a jere. Ta duba ruwan sha, ta girgiza tagar da ta taɓa sa a gyara. Ba ta zauna ba. Ita ma a hannun masu riƙo ta tashi, daga wannan gida zuwa wancan, ta kuwa koyi kada ta saba da kujerar kowa.

"Yaron fa?"

"Lafiyarsa lau. Yana gaishe ki," in ji kafintan.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Shi ne ya karɓi yaron lokacin da kowa ya ƙi, don a lokacin yaron ko magana ba ya yi.

Ya miƙo mata shayi. "Malama, ki kurɓa ko sau ɗaya. Kofin nan ya tsufa yana jiranki."

"Aiki ya hana."

Amsar da take ba shi ke nan duk lokacin da ya yi mata maganar aure. Jami'a ba ta haɗa zuciya da mai riƙo, in ba haka ba a ɗauke yaro.

Ya ajiye kofin a kan katako, ya goge hannu a rigarsa.

"Na gaji, Malama. Ƙanwata ta ce in rufe shago in koma wurinta, ƙarshen wata zan ba ta amsa. In duba gida kawai ke kawo ki, wata mai zuwa babu gidan da za ki duba."

Ta ce masa ya riƙa share ƙusoshin da ke bakin ƙofa, ta fita cikin ruwan.

Da ta isa ɗakinta ko takalmi ba ta cire ba ta ɗauko takarda, ta rubuta wa yaron: *Babanka ya sake neman aurena. Wannan karon ina jin zan ce to. Ban iya zama a gida ba, sai dai ku koya mini. Na ga ya dace kai ka fara sani.*

Wasiƙar ta yi kwanaki a jakarta. Ranar Juma'a ta shiga gidan waya, ta manna kan sarki. Ta rubuta sunan yaron a bayan ambulan, sannan adireshin makarantar da yake koyarwa a wani gari mai nisa, inda ya koma da matarsa shekara shida da suka wuce. Ta saki wasiƙar cikin akwati.