Sakata Ta Waje

Mai Walda yakan ce babu ƙofar da ta taɓa gagarar sa a duniyar nan. Ta ƙarfe ce ko ta katako, a ba shi minti biyar kawai. In ya ga an fara gyaɗa kai, sai ya sosa ƙeya ya ce ban da ƙofar ofishin ba da izinin gini. Wannan kam sawunsa tara, ko kulawa ba ta yi ba.

Maganar kuwa ba wata babba ba ce. Wani tsohon sito ne a can ƙarshen tsakar gida, inda ake jibge karyayyun kujeru da tayoyi, ake so a mayar da shi ɗakin kwana da banɗaki. Ya fasa taga, ya kafa ƙofa, sai ga mutanen ofis da jan fenti. Suka shafta wa bangon alama, suka ce kwana goma sha huɗu, ko takarda ko rusau.

Shi ya bi layi. Shi ya cike fom da rubutunsa na ɗan firamare, har akawu ya tambaye shi ko kaza ce ta taka tawada. Da a da ne, da ya rama da uku. Yanzu ko dariya ya yi, ji yake kamar ta wani ce take bi ta bakinsa.

Ana saura kwana ɗaya aka turo mai duba gini, wata matashiyar injiniya, fayil a hammata, tef ɗin awo a hannu. Suka tarar da Hajiyar gidan a baranda, tsaf da ita, jaka a cinya kamar mai jiran mota.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji Hajiya. "Maigidan ya fita aiki, yanzu zai dawo. Ga mai waldarsa nan, ya nuna miki. Yana da kirki, surutu ne kawai ya yi masa yawa."

"Godiya nake, Hajiya."

"Bari in ɗora miki shayi."

"Ai ashana ta ƙare, Hajiya," ya ce, yana dafe aljihunsa. Kwali uku ne a ciki.

Suka wuce sito. Injiniya ta auna taga, ta auna bango, ta ƙwanƙwasa silin da ƙarshen tef. Shi kuwa bakinsa bai huta ba. Ya ce ginin nan ko giwa ta jingina sai dai ta ji ciwon baya. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai sa rai ba.

Ta lura daɓen a shimfiɗe yake, ko dokin ƙofa babu. Ta lura da ƙarafunan riƙewa a banɗaki, an goge bakinsu sumul. Ta rubuta. Sai ta zo kan ƙofa ta tsaya.

"Baba, a fom an ce ɗakin baƙi ne. Me ya kawo sakata ta waje?"

"Ranki ya daɗe, baƙin zamani ne. In ba a kulle su ba, tafiya suke ba sallama."

"Ba na sa hannu a ɗakin da ake kulle mutum a ciki."

Ta fara naɗe tef. Ya tsaya yana kallon jan fentin. Ya laluba cikinsa ko zai samu wani barkwancin, ya tarar wayam.

Ya rage murya. Ya ce maigidan ya ce a faɗa mata in ta matsa. Hajiya ce take fita. Babban gidan ƙofarsa a bakin titi take, ga matakala, ga gas a kicin. Sau uku ana tsinto ta, na ƙarshe a tashar mota, takalmi ƙafa ɗaya, wai mijinta take nema. 'Yan'uwanta sun ce in aka sake, za su kai ta asibiti a bar ta a can. Shi ya sa maigidan ke son su dawo nan baya su biyu. Sakatar ta awa biyu ce rak, in ya leƙa wurin aiki.

Ya faɗi wannan duka da muryar da yake lissafa wa kwastoma tsawon rodi.

Daga baranda Hajiya ta ɗaga murya. "Mai walda! In ka ga maigidan a hanya, ka ce masa ina jira."

"To, Hajiya, zan faɗa masa."

Injiniya ta sake duban sakatar. Can ta ce ya cire sakatar a gabanta, ya sa wa ƙofar ƙararrawa, ya ɗaga katangar tsakar gida yadda Hajiya za ta yi yawonta ba ta kai titi ba. Ya ɗauko sukundireba. Ko minti biyu bai yi ba sakatar ta faɗo hannunsa.

Ta buɗe fayil ɗin a kan taga, ta yi ta juya takardu har ta kai shafin ƙarshe, ta sa hannu.

"Saura maigidan. Sai ya sa nasa a gabana."

"Ai kin ji, ya fita aiki. Ki bar min, ina ganinsa zan ba shi."

Ta dubi shafin, ta dube shi, ta waiwaya baranda. Sannan ta miƙa masa biro, ta yi ƙasa da murya yadda Hajiya ba za ta ji ba.

"Baba, hotonka ne manne a nan. Tun yaushe matarka ta daina gane ka?"