Launin da Ya Ƙi Gushewa

Malama, kafin ki sa hannu a takardar nan, zauna in ba ki wani misali.

An yi wata mai bincike da ta duƙufa a kan gigin tsufa, ciwon nan da ke sa dattijo ya dubi ɗan cikinsa ya ce baƙon wa ne. Mahaifinta ma da shi ya cika. Abin da take farauta wani furotin ne mai kama da zare, ana ce masa kolajin, wanda ake zargin yana taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon. Ido ba ya ganinsa, sai ta sayo wani ruwa, antibodi, wanda aka haɗa don ya kama wannan zaren kaɗai ya rina shi. Ta ɗiga a kan siraran yankan ƙwaƙwalwa da aka shimfiɗa a gilasai, ta leƙa madubin likita, sai ga launin ƙasa-ƙasa ko'ina. Wata goma sha ɗaya tana tara hotuna, har ta rubuta sakamako.

A ɗakin binciken akwai wani dattijon ma'aikaci, shekara talatin yana rina gilasai. Ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago bai yi murna ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, launin nan ya yi yawa, har jikin jijiya ya kama. An toshe masa baki an gani?" Nufinsa a fara haɗa antibodin da ɗan guntun kolajin ɗin, wanda ake kira feftaid, har bakinsa ya cika. In mai gaskiya ne, ba zai ƙara kama komai a gilashi ba. Ita kuwa ta tuna ta sha ganinsa yana gaisawa da wani farfesa da ba sa ga-maciji da ita. Ta ce a ranta turo shi aka yi. Ta fara kulle aljihun teburinta, ta daina amsa masa gaisuwa da sakin fuska. Ranar da ta yi gwajin, don ta kunyata shi ta yi, ta kuma haɗa komai da hannunta. Ta leƙa. Launin na nan daram, ko ɗigo bai ragu ba. Ta sake, har sau uku. Ashe duk watannin nan ruwan wani abu dabam yake kamawa. Ta zauna a kujera, ta janye sakamakon da ta rubuta.

Bayan wata shida ta samo wani antibodin. Wuri uku kacal ya rina, dishi-dishi, da aka toshe shi kuma suka ɓace ɓat. Waɗannan ukun ta rubuta.

To ke naki launin, wato hujjar da za ki sa hannu a kanta, kin gwada shi? Hausawa dai sun ce, kama da wane ba ta wane.