Dalilin Tafiyar Uba

"Kai yaro, babu uban da zai ajiye cokali yana tsaka da cin abinci, ya fice haka kawai ya bar iyalinsa har abada," in ji mai gyara masa labarin. "Samo masa dalili, ko ka yaga shafin."

Saurayin ya tattara takardun labarin da ya rubuta. Ai haka nasa uban ya yi.

Ya koma gida ya ƙaƙaba wa mutumin cikin labarin ciwon ajali, wai ya gudu ne don kada 'ya'yansa su ga yadda zai ƙare.

Da ya karanta wa mahaifiyarsa, sai ta tsayar da keken ɗinkinta.

"Allah sarki, ashe shi ya sa," ta ce a hankali. "Kai wa ya gaya maka?"